SASSABE DA INJI: WANE BAKI YA DACE DA WACE GONA?

Gabatarwa

Ƙasar Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi ƙasar noma ce tun kaka da kakanni. Albarkar gyaɗa da auduga na daga cikin abin da ya jawo hanyar jirgin ƙasa daga Zariya, ta ratsa Gusau, har ta kai Ƙauran Namoda a shekarar 1929. Amma tun daga wajen shekarar 2011, da ta'asar 'yan bindiga ta fara yaɗuwa a Jihar Zamfara, manoma da yawa sun ƙaurace wa gonakinsu na nesa da gari, wasu shekara biyu, wasu biyar, wasu fiye da haka. Ita kuwa gona ba ta jiran mai ita. Da zarar fartanya ta daina shiga, sai daji ya shiga.

Saboda haka, manomin Sakajiki ko na wani ƙauye a gaɓar gulbin Gagare ko Bunsuru, idan Allah Ya kawo sauƙi ya koma ga gonarsa, aikin farko da zai tarar shi ne sassabe. Aiki ne mai cin ƙarfi, ga majiya ƙarfi sun ragu a ƙauyuka, ga damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar. Wannan ya sa hankalin wasu ya fara komawa ga ƙaramin injin nan da ake ratayawa a kafaɗa, mai doguwar sanda da baki mai juyawa a ƙarshenta, wanda za mu kira injin sassabe. Injin yana da bakuna iri-iri, kuma zaɓen baki ya fi zaɓen injin kansa wuya. Wannan maƙala za ta nuna cewa abin da ya tsiro a gona shi ke zaɓa wa manomi baki, sannan kuma sanin abin da za a bari yana da muhimmanci daidai da sanin abin da za a sare.

Yadda Gona Ke Komawa Daji

Tsirrai ba sa mamaye saura a lokaci ɗaya. Bi-da-bi suke zuwa. A daminar farko, ciyawa mai rayuwar shekara ɗaya ce ke cika wuri, wato irin su kyasuwa da ƙarangiya, tare da ganyaye kamar tafasa da rai-ɗore. Waɗannan karansu taushi ne da shi, kuma suna bushewa da shigowar kaka. Daga shekara ta biyu zuwa ta uku sai ciyawa mai daɗewa, musamman gamba, ta kafa gindi, tsawonta har ya kan wuce na mutum. A daidai wannan lokaci ne kututturan sabara da kalgo da geza, waɗanda manomi ya saba datsewa kowace bazara, ke samun sarari su yi toho. Idan aka ƙara wasu shekaru, rassan nan sun zama itace, ga kuma masu ƙaya irin su ɗunɗu da magarya da farar ƙaya sun sarƙe wuri, har akuya ma sai ta yi dabara kafin ta ratsa.

Ke nan, kalmar "daji" ta ƙunshi abu uku mabambanta: ciyawa mai taushi, da ciyawa mai tauri haɗe da ƙananan rassa, da kuma itace sosai. Manoman da suka gabace mu sun san da wannan bambanci, shi ya sa suka tanadi lauje domin ciyawa, adda domin rassa, gatari kuma domin itace. Babu mai hankalin da zai tunkari gindin kalgo da lauje. Bakunan injin sassabe ma a kan wannan tsari aka ƙera su.

Injin da Yadda Yake Aiki

Yawancin waɗannan injuna ƙanana ne, girman tukunyar wutarsu daga si-si 25 zuwa 50 ko sama kaɗan, wato ba su kai girman injin babur na haya ba. Galibinsu masu bugu biyu ne, ba su da wurin zuba man inji na dabam, don haka ake gauraya mai na musamman, wanda ake rubuta 2T a jikin robarsa, a cikin fetur. Wasu kamfanoni sun ƙayyade kashi 1 na mai cikin kashi 50 na fetur, wato mililita 20 a kowace lita. Wasu kuma kashi 1 cikin 25, wato mililita 40. Wajibi ne a bi abin da takardar injin ta faɗa, domin fetur zalla kan sa fistan ya ƙone cikin ɗan lokaci.

Ƙarfin injin yana bi ta wani siririn ƙarfe da ke cikin sandar, ya isa ga giya, giya kuma ta juya bakin. A nan ne ɗalibin kimiyya zai ga lissafinsa na aji yana aiki. A ce faɗin wuƙar santimita 25 ne, kuma tana juyawa sau 9,000 a minti ɗaya. Kewayenta shi ne 25 sau 3.14, wato santimita 78.5. Juyi 9,000 a minti daidai yake da juyi 150 a daƙiƙa. Idan aka ninka, za a ga cewa ƙarshen wuƙar yana tafiyar kusan mita 118 a daƙiƙa, wato fiye da kilomita 420 a awa. Sirrin injin ke nan: ba nauyi yake sara da shi ba, kamar gatari, da gudu yake sara. Kuma ƙa'idar kimiyya ita ce, idan gudun abu ya ninka sau biyu, ƙarfin bugunsa ninkawa yake sau huɗu. Wannan gudu shi ne amfanin injin, shi ne kuma haɗarinsa.

Bakuna Huɗu da Aikin Kowannensu

Na farko shi ne bakin igiyar roba. Wani Ba'amurke mai suna George Ballas, mutumin birnin Houston, shi ya ƙirƙiro shi a shekarar 1971, bayan ya lura da yadda burushin wankin mota ke juyawa. Igiyar, wadda kaurinta bai cika wuce milimita 3 ba, laƙwas take idan inji yana tsaye, amma da ya fara juyi sai gudun ya miƙar da ita ta zama kamar bulala. Ta dace da ciyawa ɗanya mai taushi, da kuma gefen katanga ko duwatsu ko gindin bishiya, inda ƙarfe zai yi ɓarna. Sai dai ba ta da amfani a tsohuwar saura. Karan tafasa da ya bushe da gindin gamba suna cinye ta nan da nan, kuma ragargaza ciyawa take yi, ba yanka ba. Wanda ke son gamba domin saƙar zana, ko kyasuwa domin ajiye wa dabbobi, asara zai yi idan ya sa wannan baki.

Na biyu shi ne wuƙar ciyawa, wani faifan ƙarfe mai haƙora huɗu ko takwas. Ita ce laujen injin. Tana yanke doguwar ciyawa daga gindi, ta kwantar da ita gefe guda a jere, yadda za a iya ɗaurewa dami-dami. Saurar shekara ɗaya ko biyu, da bakin fadama, nan ne wurinta. Amma ba a yi ta domin itace ba.

Na uku shi ne wuƙa mai fiffike uku, mai kauri da nauyi. Wannan ita ce addar injin, kuma ita ta fi dacewa da yawancin gonakin da muke magana a kansu, inda ciyawa da tohon sabara da geza da ƙananan ƙayoyi suka cakuɗe. Tana iya sare reshen da kaurinsa bai wuce santimita 2 ba, wato kamar babban yatsa. A wurin da ya sarƙe, ba a fara mata daga gindi. Daga sama ake saukar da ita a hankali, tana daddatsa rassan har ta kai ƙasa. Idan manomi ba shi da halin sayen baki fiye da ɗaya, to wannan ya kamata ya saya.

Na huɗu shi ne faifan zarto, mai haƙora da yawa kewaye da shi. Shi ne gatarin injin, domin itacen da ya kai santimita 4 a matsakaicin inji, ko kusan 7 a babba. Yana buƙatar inji mai ƙarfi da hannu gwani, kuma ƙasa ita ce abokiyar gabarsa: yashin yankinmu yana dakushe haƙoransa da taɓawa kaɗan. Itacen da ya wuce wannan kauri kuwa, a koma ga gatari.

Akwai wani baki na biyar da ake tallarsa da araha, wanda aka yi da guntayen sarƙa ko ƙarafa masu lilo da aka haɗa da ƙusa. Wannan a guje shi. A shekarar 2010 wani guntun irin wannan sarƙa ya tsinke ya kashe wani ma'aikaci a Birtaniya, kuma a shekarar 2012 Tarayyar Turai ta hana sayar da irinsa a ƙasashenta. Abin da aka hana a can yana iya ɓullowa a kasuwanninmu, kuma Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Ko da an dace da baki, sai an tabbatar ya dace da injin. Ramin tsakiyar wuƙa iri biyu ne aka fi samu, mai milimita 20 da mai 25.4, kuma wuƙar da ba ta zauna daram ba za ta yi ta karkarwa har ta lalata giya. A jikin kowace wuƙar kirki an rubuta iyakar juyin da za ta iya ɗauka. Kada ya gaza na injin. Haka nan, bakin ƙarfe sai inji mai miƙaƙƙiyar sanda, mai mariƙi biyu irin na keke da ɗamarar ratayawa. Mai lanƙwasasshiyar sanda na igiyar roba ne kawai.

Rigakafi Ya Fi Magani

Babban haɗarin bakin ƙarfe shi ne fizga. A ɗauki wuƙar kamar fuskar agogo, mai aiki yana tsaye ta wajen ƙarfe shida. A irin wannan inji, wuƙar tana juyawa ne saɓanin tafiyar hannun agogo. Idan ɓangaren da ke tsakanin ƙarfe goma sha biyu da ƙarfe uku ya ci karo da itace mai tauri, ko kututture, ko dutse, sai haƙoran su cije, injin gaba ɗaya ya fizge zuwa dama da ƙarfin da hannu ba zai iya tarewa ba. Shi ya sa ake yanka daga dama zuwa hagu, ana aiki da gefen hagu na wuƙar.

Na biyu, duk abin da wuƙa ta taɓa, tsakuwa ce ko guntun kwalba, jifa take yi da shi. Ƙa'idar masu ƙera injin ita ce kada mutum ko dabba ya kusanci mai aiki da ƙasa da mita 15. Wannan sharaɗi yana da wuyar kiyayewa a ƙauye, inda yara kan yi dafifi wurin kallon sabon abu, don haka ya zama dole a sa babba ya tsare su. Shi kuma mai aiki ya sa tabarau na kariya, da takalmi sau-ciki mai kauri, da dogon wando, kuma kada ya kusanci inji da babbar riga ko rawani mai jela. Ƙarar injin takan kai kusan ma'aunin desibel 100, alhali daɗewa cikin ƙarar da ta wuce 85 yana rage ji, saboda haka a toshe kunne.

Akwai kuma haɗarin da ya keɓanta da dajinmu. Tumfafiya tana da farin ruwa mai cutar da ido ƙwarai, kuma inji fesa shi yake yi ko'ina. Gara a sare ta da adda. Tsohuwar saura maɓoyar macizai ce, irin su kububuwa da kasa, ga ƙarar inji ta hana mutum jin motsi. Sannan a lokacin hunturu, idan ƙarfe ya daki dutse, tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da gobarar da za ta cinye karan maƙwabta. Maganin waɗannan duka shi ne a zagaya filin da sanda tun kafin a tayar da inji, a kwashe duwatsu da ƙarafa, a kafa alama a kan kututtura da shuri da tsofaffin rijiyoyi. Kafin a fara aiki kuma a rataye wuƙar a ɗan ƙwanƙwasa ta: lafiyayya tana amo kamar ƙararrawa, mai tsaga kuwa muryarta a dushe take. Wuƙar da ta tsage jefar da ita ake yi, ba a kai ta wurin mai walda.

Abin da Ya Kamata a Bari

Injin sassabe ba ya taɓa saiwa. Sabarar da aka sare yau za ta fito da rassa da yawa kafin damina ta yi nisa, domin kan reshe yana fitar da wani sinadari da ke danne idanun toho na ƙasa, kuma da an cire kan sai dukkansu su farka. Manomi na iya ɗaukar wannan a matsayin taurin kai na daji. Amma maƙwabtanmu na Jihar Maraɗi, a Jamhuriyar Nijar, sun mai da shi arziki.

A shekarar 1983, wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ya sha wahalar dasa itatuwa suna mutuwa a yankin Maraɗi, ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sarewa kowace shekara toho ne na itatuwa masu rai, waɗanda saiwoyinsu ke nan daram a ƙarƙashin ƙasa. Sai aka fara shawo kan manoma su riƙa zaɓen kututtura masu kyau, su bar wa kowanne reshe ɗaya zuwa biyar mafiya ƙarfi, su sassabe sauran. Wannan dabara, da ake kira sassaben zamani, ta bazu daga gona zuwa gona, har masu bincike suka ƙiyasta cewa ta farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin kadada miliyan 5, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Kimiyya ta bayyana dalilin amfanin. Gawo yana zubar da ganyensa da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ga shi kuma yana ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin. Ita ma sabara, wadda masana ke kira Guiera senegalensis, ba ta rasa nata. Wani bincike da aka gudanar a ƙasar Senegal tare da masana na Jami'ar Jihar Ohayo ta Amurka, wanda aka wallafa a shekarar 2018, ya nuna cewa saiwoyinta na jawo ruwa daga can ƙasa, su saki wani sashe nasa a saman ƙasa da dare, kuma geron da ke kusa yana sha daga wannan ruwa a lokacin fari. Bayan haka, itatuwa suna karya ƙarfin iskar bazara da ke kwashe ƙasar noma, ganyensu taki ne, 'ya'yan kalgo da na gawo abincin dabbobi ne, rassan da aka rage kuma makamashi ne.

A nan ne haɗarin inji mafi girma yake, wanda ya fi na fizga ɓoyuwa. Mai adda yana ganin kowane tsiro kafin ya sare shi, yana da lokacin da zai gane ɗan gawo ko 'yar aduwa ya ƙetare. Mai inji kuwa, cikin awa ɗaya yana iya share abin da ƙasa ta yi shekara biyar tana renonsa. Alhali gonar da ta huta ta samu abin da kuɗi ba ya saya cikin sauƙi, wato itatuwan da suka riga suka kafu. Don haka, kafin a tayar da inji, a ɗaura ƙyalle a jikin duk itacen da za a bari, a share kewayensa da adda. Abin da aka sare kuma kada a yi gaggawar cinna masa wuta, domin wuta tana kore naitirojin da ke cikin ganye zuwa sama, ta bar ƙasa tsirara. Ƙaya a yi shinge da ita, ganye da ƙananan rassa kuwa a bar su su rufe ƙasa, gara za ta mai da su taki.

Kafin a Zuba Kuɗi

Inji ba ya aiki sai da fetur, kuma fetur ya yi tsada tun da aka janye tallafinsa a watan Mayu na 2023. Mutanen Zamfara ba su manta da shekarar 2021 ba, lokacin da gwamnatin jihar ta hana sayar da mai a jarka saboda matsalar tsaro. Wanda ya dogara ga inji kaɗai, irin wannan doka tana iya tsayar masa da aiki. Sai mai saye ya tambayi kansa: shin akwai makanikin da ya san injin a kusa? Ana samun fulogi da matatar iska da giya? Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska da sauri, sai an riƙa wanke ta a kai a kai. Bugu da ƙari, sassabe aikin 'yan makonni ne a shekara, don haka ya fi dacewa ƙungiyar manoma ta mallaki inji ɗaya da bakuna biyu ko uku, ta horar da matasa biyu su riƙa aiki da shi, maimakon kowa ya sayi nasa. Mai ƙaramar gona kuwa, adda mai kaifi da gayyar 'yan'uwa sun wadatar da shi.

Aiki ga Ɗalibai

Malamin aikin gona na iya fita da ɗalibansa zuwa wani fili da ke cikin harabar makaranta. A auna murabba'i mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10, a kafa turaku. Ɗalibai su rubuta sunan kowane tsiro da Hausa, su ƙirga masu itace, su zagaya kowane reshe da zare, su auna tsawon zaren, su raba da 3.14 domin samun kaurinsa. Daga nan su kasa su kashi uku: ciyawa, da rassan da ba su wuce santimita 2 ba, da waɗanda suka wuce. Tambayoyin da za su amsa su ne: wane baki ya dace da wannan fili, waɗanne itatuwa za a bari, kuma me ya sa? Wanda ya rasa sunan wani tsiro ya kai ganyensa gida, kakanninsa za su faɗa masa sunan da amfaninsa.

Kammalawa

Igiyar roba ta ciyawa mai taushi ce, wuƙa mai haƙora huɗu ko takwas ta doguwar ciyawa ce, mai fiffike uku ta cakuɗaɗɗiyar saura ce, zarto kuma na ƙananan itatuwa ne. Wanda ya san lauje da adda da gatari ya riga ya san rabin wannan ilmi. Sauran rabin shi ne ya shiga gonarsa da ƙafa, ya dubi abin da Allah Ya tsirar a cikinta, ya ware na sarewa da na bari, tukuna ya nufi kasuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka wannan nazari tun da kaka ya kamata a yi shi, ba sai hadari ya haɗu a gabas ba. Muna roƙon Allah Ya dawo da zaman lafiya a ƙasar Zamfara, Ya mai da kowane manomi gonarsa, Ya ba mu damina mai albarka.